Wa Ne Mai Gidanta?

Waɗanda suka zauna a tsakar gidana ran nan, ga su. Akwai Alhaji, ƙanen marigayi mijina, wanda ya gaji saukar da fataken shanu daga hannun yayansa. Akwai matar ɗana da tsohon cikinta, ta zauna bakin madafa tana tsintar shinkafa wai ita ba ta cikin maganar, amma na ga hannunta ya daina motsi tun kafin a gama gaisuwa. Akwai Baturiyar mishan ɗin unguwar Zogbo, wadda kowa ke ce wa Madam. Akwai ɗan Najeriya mai jaka a hamata, shugaban mishan ɗin Agontinkon, wanda bai wuce sa'an ɗana ba. Akwai tsohon Fasto na Agla da matarsa. Sai Malama, wadda saboda ita aka taru. Mun ɗora ta a kujerar roba mai hannu, mun tokare ta da matashin kai ta ɓarin da ya shanye. Sai ni.

Malama Kirista ce, Bahaushiya daga wani ƙauye can bayan Zariya. Mijinta ya rasu tun tana can, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu. Ta yi shekaru a ɗakin ƙarshe na gidana, mai kallon rijiya. Wanda ya kawo ta wani dattijo ne, shi ke riƙe da mishan ɗin Agontinkon a wancan lokaci, kafin wannan mai jakar. Ya zo da hantsi, ya tuɓe takalmi a zaure, ya gaishe ni yadda ake gaida mutane, ya ce ga 'yar'uwarsa a addini tana son zama inda in ta farka za ta ji Hausa. Maƙwabta sun yi surutu, wai Hajiya ta saukar da 'yar coci. Ban amsa wa kowa ba. Mijina ya saukar da Fulani, ya saukar da Bargawa, ya saukar da mutanen da har suka tafi ban san abin da suke bauta wa ba.

Abu biyu na faɗa wa dattijon. Na ce ba wa'azi a tsakar gidana, ba a miƙa wa jikokina takarda. Ya yarda, ita ma ta yarda, kuma har ranar da ta faɗi ba ta karya ba. Ina kallo, da ta karya da na gani. Na biyu, na yi masa tambayar da kowa zai yi a Zongo: in wani abu ya same ta, wa zan nema? Ya dafa ƙirjinsa ya ce shi.

A nan baƙo ba ya zama haka kawai. Mutum ya taho da shanu daga arewa, bai san kowa ba, bai jin Fon, yaren garin nan, balle Faransanci, sai ya sauka hannun wani. Wannan shi ne mai gidansa. Ba lalle ne a ɗakinsa yake kwana ba. Amma in baƙo ya yi faɗa a kasuwa ba sunansa ake tambaya ba, cewa ake yi wa ne mai gidansa. In 'yan sanda suka kama shi, mai gida ke sa hula ya tafi. In ya kwanta ciwo, mai gida ke cewa a kai shi asibiti ko a mai da shi garinsu. In ya mutu, shi ke tsayawa kan gawa, shi ke aika wa dangi. Na girma ina ganin haka a gidan ubana, na yi aure na tarar da shi a gidan miji. To a wurina, tun ranar da dattijon nan ya dafa ƙirji, shi ne mai gidan Malama. Ni ɗaki kawai na bayar.

Da tsufa ya kama shi aka mai da shi Najeriya. Ya zo ya yi mini sallama, ya ce in kwantar da hankalina, yanzu mishan uku sun haɗa kai, duk suna aiki da Malama. Bai ce ya miƙa ta ga wane ba, ni kuma na bar ta a wuyansa. Nisa ba ya sauke wa mutum baƙonsa. Mijina ya tafi Makka ya bar baƙi a gida, nasa ne har ya dawo.

Aikinta kullum a tafe take. Wasu ranaku tana ƙaramin asibitin su Madam a Zogbo, tana yi wa matan arewa tafinta gaban likita. Wasu ranaku tana Agla tana koya wa matan masu gadi da matan teloli karanta littafinsu da Hausa. Sauran ranakun tana bin marasa lafiya gida gida da sunan na Agontinkon. Ta fita da sassafe a bayan zem, babur ɗin haya, ta dawo da la'asar sakaliya ƙafafu a kumbure. Na sha ce mata, "Malama, mutum uku ke aikenki, wa ke ce miki ki huta?" Sai ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai Ubangiji ɗaya ne." In ce wannan ni ma na sani, ba shi na tambaya ba.

Da safe ta faɗi, a bakin rijiya, guga a hannunta. Ɗana ne ya kai ta asibiti kafin ya kama hanya, don direban babbar mota ne, kwanansa a gida kaɗan ne. Da aka sallamo ta, ɓarin dama ya tafi, hannu da ƙafa, baki ya karkace, magana ba ta fita sai "i" da "a'a" da wani sauti da sai ka saba kake ganewa. Likita ya ce a riƙa juya ta, a riƙa motsa mata gaɓoɓi kullum, in ba haka ba za su sandare, baya kuma ya yi gyambo.

In na ce sun yi watsi da ita na yi ƙarya. Zuwa kam sun yi. Na Zogbo su zo da madara da sabulu, na Agontinkon su zo da ayaba da lemo, matan Agla su zo da kunu a filas, su cika mini ɗakin da waƙa har sai na leƙa na ce a rage. Kowa ya riƙe hannunta ya runtse ido ya yi addu'a, ya ce Hajiya Allah ya saka da alheri, ya tafi. Sabulu ya taru har na rasa inda zan sa shi. Amma masu ɗaga ta a kai ta bayan gida, ni ce da surukata: ni da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ita da cikin da aka hana ta ɗaukar ko bokiti. Matar Fasto ce kaɗai takan zo ta ɗaure zane ta kama mana wanka, ita ma ba kullum ba, Agla da nisa. Wata rana Malama ta zame daga hannunmu ta bugu da bakin gado. Ta dube ni, ba ta yi kuka ba. Da na juya ta na ga fatar ƙugunta ta yi ja ta yi laushi. Na san abin da ke biyo baya, na gani a jikin uwar mijina.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. In ta cika a ɗakin nan, ban san yadda suke wanke nasu ba, ban san inda suke binnewa ba, ban san wa ke da ikon cewa a ɗauka ba. Ba zan yarda matar da ta zauna gidana ta kwanta a ɗakin gawa na asibiti ana jiran a gano ta wa ce ba.

Ranar da Madam ta zo na tare ta a zaure. Ta yi shekaru a Nijar kafin ta zo nan, Hausarta ta fi ta jikokina tsabta; su 'yan lakwal ne, makarantar Faransanci, sai su ce "ya zo" ga mace, ita ba ta taɓa yin wannan kuskure ba. Na ce, "Madam, ina son magana da mai gidanta. A kira mini shi."

Ta sunkuyar da kai, ta kama hannuna, ta ce a hankali, "Ayya, Hajiya, ai mai gidanta ya rasu."

Na ce, "Inna lillahi. Yaushe?"

Ta ce, "Ya daɗe. Na ɗauka kin sani."

Na koma ciki ina jimamin dattijon. Mutumin kirki. Raina kuma ya ɓaci: mutum ya kawo baƙuwa gidana, ya mutu, babu wanda ya tako ya faɗa mini. Ban yi wa Malama zancen ba, mai ciwo ba a ƙara mata. Na zauna jiran magaji, don a wurinmu in mai gida ya rasu, wanda ya gaje shi yakan zaga ya ce baƙin wane yanzu nawa ne. Mai jaka ya zo, ya sake zuwa, ya kawo ayaba, bai ce komai ba. Ni kuma ba ni zan fara ba. Wanda aka yi wa mutuwa ke kawo labari, sannan a yi masa gaisuwa. Jan da ke ƙugun Malama kuwa yana ta faɗi.

Sai na aiki Alhaji biro biro, wato ofisoshin mishan ɗin, duka ukun. Na ce ya faɗa musu daga yau ba na buɗe ƙofa ga mutum ɗaya ɗaya. In suna son ganinta su zo tare, rana ɗaya, shugabannin da kansu ba 'yan aike ba. Ya ce, "Hajiya, za ki haɗa ni faɗa da Nasara." Na ce, "Kai da ka saba da Fulani masu sanda? Waɗannan littafi kawai suke riƙewa."

Suka zo ranar Asabar bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo ruwa. Suka ce za su buɗe da addu'a, na ce su yi, muka jira. Da suka ce amin na juya wurin mai jaka.

Na ce, "Tunda kai ba ka kawo mini ba, ni zan fara. Ya haƙuri? Allah ya ba ku haƙurin rashin dattijo."

Ya dube ni, ya dubi Madam. "Wane dattijo, Mama?"

"Wanda ka gada."

Ya miƙe tsaye har jakar ta faɗi. "Baba? Baba ne ya rasu? Wa ya faɗa miki? Shekaranjiya muka yi waya da shi!"

Na nuna Madam. Fuskarta ta yi ja har kunne. "Ni? Hajiya, ban taɓa faɗin haka ba."

"A zaurena kika ce mai gidanta ya rasu."

"I, mai gidanta. Mijinta."

Alhaji ne ya fara gane abin. Ya yi dariya har hularsa ta zame, yana cewa, "Wayyo Allah! Hajiya ta kashe mutum da ransa! Kin yi masa sadakar uku ko tukuna?" Fasto mutumin Bargu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, sai da matarsa ta maimaita masa da yarensu sannan ya kama ciki yana dariya. Surukata ta kife fuska cikin tire. Sai muka ji wani sauti daga kujera. Malama ce, rabin bakinta yana dariya, hawaye na zuba. Tun da ta faɗi ba ta yi dariya ba sai ran nan.

Ni ban yi dariya ba. Na jira suka gama. Na ce, "Madam, mijinta na san ya rasu tun kafin ki san hanyar gidan nan. Me zan yi da wanda ke kabari? Mu ma muna ce wa miji mai gida. Amma wannan baƙuwa ce. Alhaji, gyara hularka ka faɗa musu."

Ya share ido ya ce, "Madam, bari in faɗa miki da shanu, su na sani. Bafillace ya kawo garke kara, wato kasuwar shanu. Dillali uku suna iya sayar masa. Yana iya cin tuwo a gida biyar. Amma in ya faɗi a tsakiyar kara, mutum ɗaya ake gudu a kira. Ba biro ake kira ba, mutum ne, mai ƙofar da za a buga ya fito. Shi ne mai gida. Abin da Hajiya ke tambaya ke nan: wa ne na wannan matar?"

Mai jaka ya zauna, ya kakkaɓe jakarsa. Can ya ce, "Mama, bari in yi miki bayani. Da can mishan ɗin nan ba sa jituwa. Wannan ya horar da ma'aikaci, wancan ya ba shi babur ya janye shi. Wanda aka kora nan don ya yi laifi, gobe sai ka gan shi can yana wa'azi, ba wanda ya tambaya. Sai iyayenmu suka zauna suka yi alkawari gaban Allah: ba mai ɗaukar ma'aikacin wani, ba mai yanke magana kan ma'aikacin wani sai ya tambaya. Kuma duk bayan 'yan watanni ana taro, kowa ya faɗi abin da ya yi, 'yan'uwa su yi masa tambayoyi."

Na ce wannan abu ne mai kyau, da dillalan kara za su yi haka da an huta. Alhaji ya ce, "A bar mu daga ciki."

Mai jaka ya ci gaba. "To da Baba zai tafi ya miƙa Malama ga komite, wato kwamitin mishan ukun nan, ta zama ta mu duka. In na zo na ɗauke ta yanzu, za a ce Agontinkon ta ƙwace abin da ta bayar."

Madam ta ce, "Ni ina da ɗaki a Zogbo, tun ranar farko na so in ɗauke ta. Amma mu aka fi zargi da janye mutane, don muna da mota da asibiti. In na ɗauke ta ba a ce in ɗauka ba, na karya alkawarin. Na rubuta wa manyanmu, na kuma sa maganar cikin taro mai zuwa."

Na ce, "Yaushe ne taron?"

Ta ce, "Bayan damina."

Fasto ya murza tafin hannunsa ya ce, "Hajiya, ni na ce su biyu akwai mota, akwai likita. Ni gidana Agla, kin san Agla da ruwa. Kunya na ji in buɗe baki in ce a ba ni shi."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na yi shekaru ina sauraron dillalai ta bayan labule, ina gane mai ƙarya. Babu mai ƙarya a cikin waɗannan. Kowa tsoron taka ɗan'uwansa yake yi, matar kuma tana zaune a tsakiyarsu tana lalacewa.

Na matsa kusa da ita na ce, "Malama, in nuna musu?" Ta ce i. Na ce maza su juya baya, suka juya, har Alhaji. Na ɗaga zanen na nuna wa Madam da matar Fasto. Wurin ya riga ya buɗe. Madam ta san aikin asibiti, ba sai na yi bayani ba. Ta rufe baki da hannu. Na mayar da zanen na ce, "Ku juyo. Wannan ba zai kai bayan damina ba."

Sannan na ce wa mai jaka tunda mutumin yana raye, a kira mini shi. Ya latsa waya ya buɗe murya ya ajiye a kan tabarma. Muryar ta tsufa amma na gane ta.

"Hajiya! Ina wuni? Ina mutanen gida?"

"Lafiya lau. Ashe kana raye."

"Da ikon Allah. An ce na mutu ne?"

"An ce. Na yi jimaminka a banza. Ka tuna ka dafa ƙirji a zaurena?"

Ya ce ya tuna.

"To baƙuwarka ta faɗi."

"Na ji, Hajiya, muna ta addu'a. Ai na bar ta hannun komite."

"Komiten nan yana da hannu? Zai zo da asuba ya ɗaga ta in za ta zaga? Ko ka zo ka ɗauki baƙuwarka, ko ka miƙa ta ga mutum ɗaya, yanzu, ina ji."

Ya ce ko tsakar gidansa ba ya ƙetarewa sai da sanda. Daga nan ya koma Turanci yana magana da su, ya daɗe. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga mai jaka ya sunkuyar da kai, Madam tana fassara wa Fasto da Faransanci a kunne. A ƙarshe ya dawo Hausa ya ce, "Ku tambaye ta. Ko ɗayanmu bai tambaye ta ba."

Alhaji ya ce, "Gaskiyar dattijo. A kara ma baƙo ke zaɓen inda zai sauka."

Ni na yi tambayar. Na ce, "Malama, Zogbo, wurin Madam? Akwai likita kusa, ki yi tunani." Ta dubi Madam ta daɗe, sannan ta ce a'a. Madam ta gyaɗa kai, ba ta ɓata fuska ba, na yaba mata da wannan. Na ce, "Agontinkon?" Kafin in rufe baki ta miƙa hannun hagu, mai lafiyar, ta kama bakin zanen matar Fasto, wadda ke durƙushe tana gyara mata matashi. Ta riƙe ba ta saki ba.

Matar ta ɗaga kai ta yi wa mijinta magana da yarensu, gajeruwa, ba da murya mai laushi ba. Fasto ya dafa gwiwa ya miƙe.

Ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Kai, ko ku?"

Ya ce, "Ni. In ya faɗi, ni za a kira. In ya mutu, ni zan tsaya."

Na so in ce zanen matarka ta kama ba rigarka ba, amma na bar shi, gida ɗaya ne.

Alhaji ya kama hannun Fasto ya riƙe cikin nasa, yadda ake yi a kara in an miƙa baƙo, ya ce wa wayar, "Dattijo, ka sauke?" Muryar ta ce, "Na sauke." Ya ce wa Fasto, "Ka ɗauka?" Ya ce ya ɗauka. Mai jaka ya miƙe ba wanda ya sa shi, ya ce a gaban kowa Agontinkon ba za ta taɓa cewa an janye mata ma'aikaciya ba, kuma zai riƙa turo mata biyu suna karɓar juna wajen ɗagawa da wanka, zai kuma nemo ko akwai sauran danginta a can. Madam ta ce mota tasu ce, katifa tasu ce, maganin gyambon da mai motsa gaɓoɓi duk daga wurinsu. Fasto ya ɗaga yatsa ya ce saura abu ɗaya. "Kar ku jira taro. Ku zo gidana ku duba, ba sai kun faɗa mini za ku zo ba. In kun ga ba daidai ba, ku faɗa mini a fuska." Suka ce sun ji.

Sai Madam ta ce wa mai jaka, da Hausa don mu ma mu ji, "Akwai fa wasu ma'aikatan da muka ba komite, ba ita kaɗai ba." Suka dubi juna. Wannan nasu ne, ban sa baki ba.

An fara kiran magariba. Madam ta ce motar tana ƙofa, a ɗauke ta yanzu. Na ce a'a. Ba a fitar da mai ciwo daga gidana da magariba a kai ta ɗakin da ban gani ba. Fasto ya ce, "Hajiya, ai na ɗauka." Na ce ka ɗauka, ni ban bayar ba tukuna. Na tashi na yi alwala.

Washegari, bayan na juya Malama na ba ta koko, na yafa mayafi na fita bakin titi na tsai da zem. Rabona da hawa babur tun gwiwar nan ba ta fara ba. Na ce wa yaron ya kai ni Agla, in ya yi gudu zan sauka. Hanyar yashi ce da kududdufai, sau da yawa sai da ya sa ƙafa ƙasa.

Na tarar da matar Fasto tana shara. Ta saki tsintsiya ta rusuna, ta kai ni ɗakin da suka gyara. Sun sa sabon labule, sun share tas, har da fure a kwalba. Na duba bango ta ƙasa. An shafa fenti, amma layin ruwan bara yana nan, ya kai ƙauri. Na ce ba nan ba.

Na zaga gidan da kaina. Can kusa da bayan gida akwai wani ɗaki da ake hawa da matakala biyu, ƙasansa a bushe, taga tana kallon iska. Na tura ƙofa. Littattafai ne cike, a kan tebur, a kan katako, a cikin kwalaye.

Na ce, "Wannan."

Fasto ya biyo ni da tabarau a hannu. "Hajiya, nan ne kaɗai ruwa ba ya shiga, shi ya sa na sa littattafaina."

Na ce, "Na gani. Shi ya sa na ce wannan. Littafi yana iya kwana saman kabad."

Ya dubi matarsa, ita kuma ta riga ta ɗauki kwali na farko. Na sa aka jawo mini benci bakin ƙofar na zauna. Na ce a fitar da teburin ma, a bar wurin da mutum biyu za su tsaya gefe da gefen katifa, a aza katako kan matakalar don masu ɗaukarta kada su yi tuntuɓe. Ina zaune suka kwashe, ina zaune suka goge ƙasan. Da na shiga na taɓa na ji ya bushe, na ce wa Fasto ya kira Madam ta turo motar bayan azahar.